Kada Mu Bar Kwanon Sallah Ya Mutu A Zango

 Wannan fitowa za ta iske ku azumi ya yi nisa, teloli sun daina karɓar ɗinki, uwargida kuma ta fara lissafin abin da za ta fitar ranar Idi. To, a kan wannan lissafi nake so mu tattauna a wannan wata, musamman kwanon nan na kayan zaƙi da akan ɗora wa yara su kai gidajen dangi da maƙwabta, wanda na lura a 'yan shekarun nan yana neman ɓacewa daga unguwanninmu na zango.

Duk wanda ya mallaki hankalinsa a lokacin ba zai manta da makon ƙarshe na watan Disamba na shekarar 2000 ba. Ranar Litinin 25 ga wata maƙwabtanmu Kirista suka yi Buronya, a tsakiyar makon muka yi ƙaramar Sallah, ranar Alhamis 28 ga wata kuma aka koma zaɓen shugaban ƙasa zagaye na biyu, wanda ya kawo Kufuor kan mulki. A lokacin muna zaune a wani gidan haya a Aboabo, cikin Kumasi, mu da Dagombawa da Mosawa da Tonawa gida biyu. Siyasa ta raba kan mazan gidan, har wasu sun daina zama benci ɗaya da yamma.

Ranar Buronya matar Batonen da ke ɗakin ƙofa ta aiko wa kakata da shinkafa da kaza mai rai, domin ta san mu ne za mu yanka da hannunmu. Ranar Sallah kuwa kakata ta jera kwanoni tara a tsakar gida, ta zuba wa kowanne alkaki da nakiya da cin-cin, ta rufe da kyalle mai tsabta, ta ce mu fara da ɗakin ƙofa. Ba ta tambayi wanda kowa zai zaɓa ba. Da aka faɗi sakamakon zaɓe wasu sun yi murna wasu sun yi shiru, amma da safe kowa ya gaida kowa, domin da wuya mutum ya ɗaure wa wanda alkakinsa ke cikin ɗakinsa fuska.

Daga ina kayan suka zo?

Kamar yadda manyanmu suka sha ba mu labari, fataucin goro ne ya kawo kakanninmu wannan ƙasa. Ayari yakan taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato, ya ratsa ƙasar Bargu, ya biyo ta Sansanin Mango da Yandi, ya sauka Salaga a ƙasar Gwanja bayan tafiyar watanni. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, sai fatake da malamai suka bazu zuwa Kete-Karachi da Kintampo da Kumasi da Ankara, zanguna suka yi ta ƙaruwa. Matan da suka biyo su sun zo da tukwanensu da kuma iya girkinsu.

Wani sashe na wannan girki ya shiga kasuwa, har ya zama na kowa. Yau babu garin da za ka je a Gana ba ka sami koko da ƙosai da safe ba, ko masa, ko funkaso, ko fura. Ita kanta shinkafa da wake da ake alfahari da ita daga Ankara har Bolga, sunan da ake kiranta da shi daga bakinmu ya fito. Waɗannan ba su da fargabar ɓacewa, domin kullum ana yin su ana sayarwa, kuma yarinyar da ke taya uwarta a bakin tukunya tana koyo ko ba ta so.

Amma akwai sashe na biyu da bai shiga kasuwa sosai ba, wato kayan gara da na Sallah: alkaki, nakiya, dublan, gireba da dangoginsu. Su ba a yin su sai an aurar da 'ya za a kai gara gidan miji, ko an yi haihuwa, ko Sallah ta zo. Abin da ake yi sau biyu ko uku a shekara, in uwa ba ta zaunar da 'yarta ta nuna mata da gangan ba, to ranar da aka ɗauki gawar uwar har da shi aka fita.

Ni shaida ce. Kakata ta rasu ba wanda ya rubuta yadda take yin alkaki, domin duk muna ganin abu ne da muka sani. Sallar farko bayan rasuwarta na ce zan yi, na kwaɓa na murza na jefa a mai, sai ya watse ya zama gari a cikin kasko. Na sake na biyu, ya fito kamar tsakuwa. Dole na ɗauki ƙafa na tafi wajen wata dattijuwa ƙawarta a Asawase, na durƙusa na ce, "Hajiya, na zo a koya mini abin da na raina." Ta yi dariya ta ce, "Jikata, da kin zo tun tana da rai ai da kin huta." Kwana biyu na yi a gidanta. Abin da zan kawo a ƙasa, mafi yawansa daga hannunta ne.

Me ya sa ba sa lalacewa?

Kafin mu shiga girki, yana da kyau a san dalilin da ya sa waɗannan kaya suka dace da kyauta. Abin da ke ɓata abinci shi ne ƙwayoyin cuta da fumfuna, su kuwa ba sa rayuwa sai da ruwa. Duk dabarar iyayenmu ta tsaya ne a kan korar ruwa: a soya gari har ya bushe, a soya nama har ya daina kumfa, a zuba sukari ko zuma mai yawa wanda zai riƙe sauran damshin ya hana ƙwayoyin amfana da shi. Mutanen da suka saba da guzurin tafiyar watanni, ba su san firji ba, dole su ƙware a wannan. Mun ga amfanin hakan a shekarun 2014 da 2015, lokacin da ɗauke wutar nan da aka yi wa laƙabi da dumso ta yi tsanani: miya da nama sun yi ta lalacewa a firji, amma nakiya da dambun nama suna nan cikin kwanonsu lafiya lau.

Alkaki

Ba a noman alkama a Gana. Wadda ake niƙawa a Tema da Takoradi a yi fulawa, ta jirgin ruwa take zuwa, shi kuwa alkaki ba fulawa yake so ba, tsabar alkama yake so wadda aka ɓarza. Sai a tambaya wajen masu kayan hatsi da ke kawo kaya daga Nijeriya da Nijar, a kasuwar Nima ko Aboabo ko Tamale. A wanke ta, a shanya ta bushe, a kai inji a ce ɓarzawa za a yi, kada a niƙa ta yi laushi.

A auna ɓarzajjiyar alkama gwangwanin madara 8, a zuba man gyaɗa gwangwani 1, a murza da tafin hannu har ko'ina ya ji mai. A sa yis ƙaramin cokali 1, ko kuma nono mai tsami kamar yadda tsofaffi ke yi, a yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan har ya haɗu da tauri, kada ya yi ruwa. A rufe a bar shi ya kwana. Wannan kwanan shi ne kuskurena na farko, domin na yi gaggawa ban bar shi ya jiƙu ya yi danƙo ba. Da safe a jiƙa 'yar kanwa a tace, a zuba ruwan kaɗan don ya kashe tsamin, sannan a kirɓa a turmi ko a murza sosai har sai an ja shi bai tsinke ba. A gutsura, a murza shi siriri kamar igiya, a naɗe a yatsu biyu a harɗe bakinsa.

Wajen suya, wuta ta zama matsakaiciya. Wuta mai ƙarfi takan ƙona bayansa cikinsa bai soyu ba, kuma irin wannan shi ne yake yin fumfuna bayan kwana uku. Tun kafin a fara suya a dafa sukari gwangwani 4 da ruwa gwangwani 2, a matsa lemon tsami ɗaya ko a zuba ruwan tsamiya. Amfanin tsamin shi ne hana sukarin komawa ƙanƙara idan ya huce. In aka ɗiga tsakanin yatsu biyu aka ga yana yin zare, ya yi. A riƙa tsamo alkakin daga mai ana jefawa cikin ruwan sukarin da ɗuminsa, ya ɗan jima ya sha, a kwashe a kwando ya tsane. Mai hali ya sa zuma a madadin sukari, ko ya haɗa biyun.

Da wannan ruwan sukarin ake yin dublan, sai dai shi fulawa ce ake kwaɓawa da ɗan mai da gishiri, a murza ta yi faɗi da siranta kamar takarda, a yanka a naɗe, a soya, a tsoma, a barbaɗa riɗi.

Nakiya

A cikin kayan gara babu mai daɗewar nakiya, domin in an yi ta yadda ya kamata takan yi watanni. A wanke shinkafar tuwo gwangwani 8, a jiƙa ta kaɗan, a tsane a baza ta sha iska, a niƙa tare da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono. A tankaɗe garin, a zuba a busasshiyar tukunya a kan wuta kaɗan, a yi ta juyawa ba tsayawa har launinsa ya juya ya fara ƙamshi. Wannan aiki yana cin lokaci kuma yana gajiyar da hannu, shi ya sa ake yin sa mutum biyu ana karɓa-karɓa.

Idan garin ya huce, a dafa sukari gwangwani 4 ya yi kauri, ko a narka zuma, a zuba a kan garin a turmi, a kawo soyayyen man shanu kamar gwangwani 2 ana zubawa ana kirɓawa, har sai ta haɗe ta yi sheƙi, in an dunƙula ba ta fashewa. Wanda bai sami man shanu ba ya sa man gyaɗa mai kyau, amma ƙamshin ba zai zama ɗaya ba. A mulmula a jera a kwano mai murfi, a shafa ɗan mai a sama.

Gireba da kek ba tare da tanderun zamani ba

Gireba ita ce mafi sauƙi, kuma da ita ya kamata a fara koya wa yarinya. Fulawa gwangwani 4, sukarin da aka daka ya yi laushi gwangwani 1, man gyaɗa gwangwani 1. A cuɗa har in an damƙa a hannu ya dunƙule. In bai dunƙule ba a ƙara mai kaɗan. A cusa a ludayi ko ƙaramin murfi a danna, a kife a faranti, a barbaɗa riɗi. Mai tanderun gas ko na lantarki ta gasa a zafin digiri 180 na kimanin minti 20, ta cire tun tana fara-fara, domin gireba ba ta son ta yi ja.

Wadda ba ta da tanderu kada ta ce an bar ta a baya. A sami babbar tukunyar ƙarfe, a zuba yashi mai tsabta a gindinta kamar kaurin yatsu uku, a ɗora a kurfoti ta yi zafi, a sa farantin a kan yashin, a rufe da murfin ƙarfe, a zuba garwashi kaɗan a kan murfin. Haka iyayenmu suka yi ta gasa kek a gwangwanayen madara tun kafin gas ya shigo zango. Abin lura game da kek shi ne yana da ƙwai da damshi, saboda haka ba ya wuce kwana uku zuwa huɗu a zafin ƙasar nan. A gasa shi daren Sallah, kuma a kai shi gidajen kusa.

Abin da muka koya a wajen maƙwabta

Zama wuri ɗaya ya sa mun ba da namu mun karɓi nasu. Cin-cin ɗinmu shi ne acomo a bakin Tonawa, dakuwarmu kuma suna kiranta adakwa. A nan ƙasar an fi yin dakuwa da garin soyayyar masara da tunkuzar gyaɗa, da citta da barkono da sukari, a kirɓa a dunƙula. Mai son ta aya kuwa, ayar ƙasar Kwawu ba ta da na biyu.

Alewar gyaɗa, wadda yara ke saye a bakin makaranta, ba ta da wuya. A soya gyaɗa gwangwani 2, a murje ɓawon, a ɗan daddaka. A zuba sukari gwangwani 1 a busasshiyar tukunya ba ruwa, a bar shi ya narke ya yi launin zuma, a juye gyaɗar a gauraya da sauri, a zuba a kan katakon da aka shafa wa mai, a murza da kwalba, a yanka tun da zafi. In ta huce ba ta yankuwa sai dai ta farfashe. Haka ake yin ta riɗi, haka ake yin ta kwakwa. A kiyaye yara daga wurin, domin narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, kuma yana manne wa fata.

Sai kuma shito, wanda asalinsa na mutanen Ga ne amma yau babu gidan zango da ba a cin sa. Kwalbar shito kyauta ce mai daraja, musamman ga gidan da ke da ɗa a makarantar kwana. A soya albasa da citta da tafarnuwa da tumatirin gwangwani a mai mai yawa, a zuba garin barkono da garin busasshen kifi da na jatan lande, a rage wuta a yi ta juyawa har ya yi baƙi-baƙi, kumfar ruwa ta ƙare. A wanke kwalba da ruwan zafi a bar ta ta bushe ƙarau, a zuba, a tabbata mai ya rufe samansa. A gaya wa wanda aka ba shi kada ya sa jiƙaƙƙen cokali a ciki.

Naman layya

Bayan ƙaramar Sallah da wata biyu da kwana goma babbar Sallah za ta zo, ita kuma kyautarta nama ce. Ɗanyen nama na maƙwabcin kusa ne. Na nesa, da ɗalibi, da tsohon da ba shi da firji, dambu ya fi yi musu amfani. A dafa tsokar nama marar kitse da albasa da citta da gishiri har ta yi laushi ruwan ya ƙone a jikinta, a daka a turmi ta warware, a sa yaji, a soya a mai da wuta kaɗan ana juyawa har ya bushe ya yi wasar-wasar. A matse man, a baza ya huce sarai kafin a rufe. Dambun da aka rufe da zafinsa gumi zai yi, gumin nan kuwa shi ne ajalinsa.

A kula da lafiyar wanda za a ba

Kyautar abinci amana ce, saboda haka ga wasu abubuwa da bai kamata a yi wasa da su ba.

Na farko, gyaɗa da masara. Idan aka adana su da damshi sukan yi fumfuna mai haifar da wata guba da ake kira aflatoksin, wadda ke lalata hanta, har takan kai ga ciwon dajin hanta, kuma tana tauye girman yara. Suya ba ta kawar da ita. Maganin kawai a zauna a tsince: duk ƙwayar da ta yanƙwane, ko ta canza launi, ko ƙwaro ya huda, ko take ɗaci, a zubar. Kada a ba kaji ma. Gyaɗar da aka karya wa farashi ƙwarai a kasuwa, a duba ta sau biyu.

Na biyu, ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko kayan da aka yi da ita, domin takan ɗauki wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba.

Na uku, a tuna da masu ciwon sukari da hawan jini, waɗanda yanzu kusan kowane gida akwai su. Kai wa irin wannan dattijo kwanon alkaki jarraba ce kawai aka ɗora masa. A kai masa soyayyar gyaɗa marar gishiri, ko ƙuli-ƙuli, ko dambu.

Na huɗu, yanayi. A ƙarshen shekarun 1990 ƙaramar Sallah cikin hunturu take faɗowa, iska a bushe, komai aka ajiye sai ya daɗe. Da yake watan Musulunci yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, a 2025 ƙaramar Sallah ta zo a ƙarshen Maris, babba kuma a farkon Yuni, tsakiyar damina a kudu. Mutumin Tamale ko Wa ko Bawku yana da sauƙi, amma a Kumasi da Ankara da Takoradi damshin iska kaɗai ya isa ya narkar da alewa ya sa cin-cin ya yi laushi. A bar komai ya huce sarai, a sa a kwalba ko roba mai murfi da ke rufuwa gam. Kada a haɗa mai ruwan sukari irin alkaki da busasshe irin gireba a mazubi ɗaya. Kada kuma a naɗe abinci a tsohuwar jarida, ko da wannan ce da kuke karantawa, domin tawada ba abin ci ba ce.

Batun tsada

Na san abin da wasu za su ce: da wane kuɗin? Gaskiya ne. Alkamar fulawa da mafi yawan sukarin da muke sha daga waje suke zuwa, saboda haka duk lokacin da sidi ya faɗi sai farashinsu ya tashi. Masana'antar sukari ta Komenda da aka sake buɗewa a 2016 ba ta jima tana aiki ba ta tsaya. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a ƙasar nan ta haura kashi 54 cikin 100, kuma a irin wannan lokaci ne gidaje da yawa suka ajiye kwanon Sallah, wasu har yau ba su ɗauka ba. Wasu sun koma sayen biskit da lemon kwalba, wasu kuma sai su tura 'yan kuɗi ta waya su ce barka da Sallah.

Ba na raina kuɗin waya, yana biyan bukata. Amma ba ya sa yaro ya taka zuwa gidan gwaggonsa ya durƙusa ya gaishe ta da Hausa, ta tambaye shi karatu, ta ba shi tukuici. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. A nan inda muke 'yan tsiraru, yaranmu suna tashi da Turanci da Tonanci a baki, wannan zagayen na ranar Sallah yana cikin 'yan lokutan da suka rage da yaro zai san gidajen danginsa da ƙafarsa.

Maganin tsada shi ne haɗa hannu. Mata biyar ko shida na gida ɗaya ko layi ɗaya su yi adashi, wato susu, tun daga watan Rajab, su sayi buhun sukari da na fulawa da jarkar mai a farashin sari, su raba. Hakan ya fi awon olonka-olonka araha. Su sa rana su yi aikin gayya: wannan ta iya alkaki, waccan ta iya nakiya, wata kuma gireba, a yi a wuri ɗaya a kan gawayi ɗaya, a raba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma ba dole ne a cika kwano ba. Alkaki biyar da nakiya uku a ƙaramin kwano mai tsabta sun isar da saƙo. Ba a fafe gora ranar tafiya: nakiya da dakuwa a yi su tun saura kwana goma, alkaki da dublan da cin-cin saura kwana uku ko huɗu, kek kuma daren Sallah.

Wa za a kai wa?

Surukai da iyaye da malamin yara, waɗannan kowa ya san da su. Ina so in tuna mana da waɗanda akan manta. Akwai gwauruwar da mijinta ya rasu bana, wadda a da ita ke aikawa. Akwai baƙon da ya kama ɗaki a gidan bai san kowa ba. Akwai 'yan matan nan 'yan arewa masu dakon kaya a Kejetiya da Makola, da yawansu Musulmi ne, suna yin Sallah nesa da iyayensu. Sannan akwai maƙwabcin da ba addininmu ɗaya ba. A watan Afrilu na 2019, lokacin da Babban Limamin ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, ya cika shekara 100, ya taka da kansa ya ziyarci wata majami'ar Katolika a Ankara ranar bikin Ista, duniya ta yi ta yaba zaman lafiyar Gana. Wannan zaman lafiya a tsakar gidajen haya aka gina shi, kuma kwanon da ke shiga ɗakin ƙofa yana da nasa kason a ciki.

Ladabin kwano kuma a koya wa yara shi. A yi sallama, a durƙusa, a miƙa da hannu biyu, a faɗi wanda ya aiko. Wanda aka kawo wa ya juye ya wanke kwanon, kada ya mayar da shi wayam. Ko goro biyu ne ko 'yan sulalla a sa wa yaron, yaba kyauta tukuici. Kada kuma a tsaya auna abin da aka kai da abin da aka mayar.

A ƙarshe, ina roƙon kowace uwa da ta iya ɗaya daga cikin waɗannan, bana kada ta kori yara daga madafa don suna ɓata mata lokaci. Ta zaunar da su, mata da maza, ta bar su su ɓata na farko. Wadda kuma ba ta iya ba, akwai wata tsohuwa a layinku da ta iya, kuma tana jiran wanda zai tambaye ta. A je mata da littafi da alƙalami tun tana nan, a rubuta ma'auni da komai. Duk wadda ke da wani salo na garinsu da ban ambata ba, ko ta ga na yi kuskure a wani wuri, ta rubuto wa wannan shafi mu buga don kowa ya amfana.

Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya nuna mana Sallah lafiya, Ya maimaita mana. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.